Baban kurame na cocinmu ya rasu: wane ne wannan Foster da mutanensa ke ta ambata?

Autar Mama ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Taimako nake nema, kuma lokaci ya fara ƙure mini.

Dattijon da ke jagorantar sujadar kurame a cocinmu ya rasu watan jiya. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Kafinta ne. Ranar Lahadi idan an tashi daga babbar sujada, shi da mutanensa sukan koma ajin yara su yi tasu da hannu. Mu masu ji kuwa, iyakarmu da su ɗaga hannu a bakin ƙofa. Sai ranar jana'izarsa muka ga abin da ba mu zata ba. Kurame suka cika harabar coci maƙil, wasu a hanya suka kwana, Kirista da Musulmi, har da tsofaffin da sai an riƙe su. Wuri ya cika amma ba hayaniya, sai hannuwa ke ta tashi ko'ina.

Yanzu dattawan ikilisiya sun tsai da ranar sujadar tunawa da shi, aka ɗora mini rubuta tarihinsa saboda ni ce sakatariyar matasa. 'Ya'yansa sun ba ni shekarar haihuwa da ta aure da yawan jikoki, shi ke nan. Na ɗauki takarda da biro na je wurin kuramen, sai ga suna ɗaya yana ta dawowa: Foster. Wani ma ya rubuta mini, "Baba ɗan Foster ne." Na tambayi babbar 'yarsa, ta yi dariya ta ce ita dai ba sunan kakanta ke nan ba.

To wane ne Foster? Kuma yaya ake rubuta tarihin mutumin da duk aikinsa ya yi shi cikin yaren da ni ban iya ba?

Tsohon Malami ya rubuta:

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da iyalinsa da mutanensa. Wanda ya rubuta miki waccan magana bai yi kuskure ba, ita ma 'yar tasa gaskiyarta. Ki gyara zama, labarin yana da ɗan tsawo.

Ni ma kurma ne. Sanƙarau ne ya ɗauke mini ji ina ɗan firamare, lokacin Hausa ta riga ta zauna mini a kai, shi ya sa nake iya rubuta miki haka. A makarantar kurame na yi aiki har na yi ritaya, kuma wanda ya koyar da ni a hannun Foster ya koya.

Andrew Foster Ba'amurke ne baƙar fata. An haife shi ranar 27 ga Yuni, 1925, a unguwar Ensley ta birnin Birmingham a jihar Alabama, ɗan mai haƙar kwal. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kwantar da shi tare da ɗan'uwansa, su biyun suka tashi ba ji. Duk sanda na zo nan a labarinsa sai na ɗan dakata, don na san irin wannan safiyar. Ka buɗe ido, ka ga bakin mahaifiyarka yana motsi, ka ɗauka wasa take yi maka.

A Alabama ta wancan zamani wariyar launin fata ba ta ƙyale ko kurame ba. Makarantar farare daban, ta baƙaƙe daban a garin Talladega, kuma ta baƙaƙen karatunta gajere ne, ba ya kai yaro ƙarshen sakandare. Da ya ga hanya ta toshe, yana saurayi ya tattara ya koma Detroit wurin danginsa. Aikin ƙarfi da rana, karatu da dare da kuma ta wasiƙa, har ya haɗa takardar sakandare. A 1951 ya shiga Gallaudet, kwalejin kurame da ke birnin Washington, ya fito a 1954, shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin farko a can. Bai huta ba, ya ƙara digiri na biyu har guda biyu, ɗaya kan ilimi a Michigan, ɗaya kan aikin mishan a Seattle.

Zuciyarsa tana Afirka, amma ƙungiyoyin mishan da ya nema su aike shi ba su karɓe shi ba. Baƙi ne, ga shi kurma. Sai ya kafa tasa a Detroit a 1956, mai suna Christian Mission for Deaf Africans, wato mishan ɗin Kirista don kuramen Afirka, ya bi coci coci yana neman gudummawa. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, ya sauka a can. Makarantarsa ta farko a unguwar Osu ta birnin Accra ya buɗe ta, a ajin aro na wata makarantar coci, daga baya ta koma Mampong a ƙasar Akwapim. Kafin zuwansa, makarantun kurame da ke nahiyar nan gaba ɗaya kamar 12 ne, yawancinsu a arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. Ki duba taswira ki ga girman filin da ke tsakani.

A 1960 ya shigo Najeriya ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan Inugu da Kaduna suka biyo baya a farkon shekarun 1960. A nan ƙasar ya yi aure a 1961, da Berta, Bajamushiya, ita ma kurma ce, sun haɗu ne a babban taron kurame na duniya da aka yi a Wiesbaden ta Jamus a 1959. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Daga shekarun 1970 ya fuskanci ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Kwaddibuwa, Togo, Binin, Chadi, Kamaru, Senegal, Burkina Faso, Gabon, har Zayar ta wancan lokaci. Ibadan ta zama wurin horo, ana kawo matasa daga waɗannan ƙasashe su koyi aikin koyarwa su koma gida su riƙe makaranta. Lissafin da ake yi masa shi ne makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa a 1970. Ranar 3 ga Disamba, 1987, ƙaramin jirgin da ya shiga zai tafi Kenya ya faɗi a Ruwanda, ya rasu yana da shekara 62, Berta ta ci gaba da riƙon aikin. Abin da kan taɓa ni shi ne, wata uku kawai bayan rasuwarsa, a Maris 1988, ɗaliban Gallaudet suka rufe makarantar da zanga-zanga sai da aka naɗa kurma na farko ya shugabance ta, I. King Jordan. Foster bai ga wannan ba.

Wannan ke nan a takarda. Amma ba don yawan gine-gine ake ce wa mutum ɗan Foster ba. A ganina babban abin da ya yi shi ne ya tsai da kurma a gaban aji da gaban ikilisiya. Shi mai bishara ne, yana so kurma ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, to ba yadda za a yi sai an fara da ABC, shi ya sa a wurinsa makaranta da sujada tare suke tafiya. Kuma bai riƙe aikin a hannunsa ba. Ya koya wa wannan, wannan ya koya wa wancan. Baban naku yana wani wuri a cikin wannan jerin, ko ta makaranta, ko ta ƙungiyar sujada, ko ta wani dattijo da ya ɗauko shi yana yaro. Ki nemi sunan wanda ya fara koya masa maganar hannu da karatu. In kin samu wannan sunan kin samu kan zaren.

Bari in gaya miki aikin da irin su Baba suke yi wanda ba ya shiga rahoton ikilisiya. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma babba ba, sai su ɗauka yaron ya gama yawo. Wasu sukan ɓoye shi a cikin gida don kunya. Malamin da ya raine mu yana da wata tsohuwar jaka da ba ya rabuwa da ita. Na taɓa raka shi gidan wasu mutane da aka ce suna da yarinya kurma da ba ta fita. Uban ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, fuska ba walwala. Malam bai kawo zancen makaranta ba. Ya buɗe jaka ya fito da hoton aurensa ya ajiye. Ya fito da hoton 'ya'yansa ya ajiye. Ya fito da takardar albashinsa ya ɗora a kai. Sannan ya nuna kunnensa, ya girgiza kai, ya nuna cikin gida. Mutumin ya daɗe yana juya takardar albashin nan. Can sai ya ɗauki biro ya rubuta tambaya ɗaya tak: "Za ta iya aure?" Malam ya ɗaga hoton auren ya sake ajiyewa a gabansa. Yarinyar ta shiga makaranta a zangon da ya biyo.

Haka aikin yake. Rakiya asibiti don kada a ba mutum maganin ciwon da ba shi yake damunsa ba. Zuwa ofishin 'yan sanda idan an kama yaro don an yi masa magana bai amsa ba an ce raini ne. Neman aure, sasanta ma'aurata, roƙon mai gareji ko tela ya ɗauki yaro koyon sana'a. Musulmin da kika gani a jana'iza ba wa'azi ya kawo su ba, irin wannan ne. Don haka kada ki tsaya ga 'ya'yansa kawai. Su sun san uba. Waɗancan da suka kwana a hanya su ne suka san shugaba.

Ɗan Kurma ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Malam, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru sosai, amma ina neman izini in ɗan sa baki.

Ni Musulmi ne, mai ji, mahaifina kurma ne tun haihuwa, kuma bai taɓa shiga aji ba. Abin da ke ɗan damuna idan ana ba da labarin Foster shi ne yadda wasu ke faɗinsa kamar kafin ya zo kurame ba su da yare. Malam bai faɗi haka ba, amma ana faɗi. Alhali a ƙasar Hausa akwai maganar hannu tun kaka da kakanni, har da sarautar sarkin bebaye a Kano. Mahaifina da abokansa da ita suke hira har dare ya raba, da ita suke gardamar siyasa, da ita ya yi mana tarbiyya, kuma in ya yi faɗa da ita ba ka bukatar tafinta. Masu ji da yawa ma sun iya daidai gwargwado, don tare aka tashi. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990 ta rubuta littafi sukutum a kan wannan yare, ya fito a 2000.

Abin da Foster ya kawo yaren kuramen Amurka ne, shi ne tushen wanda ake koyarwa a makarantun Najeriya da Gana yanzu. Tun da aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano a 1977 alamomin makaranta suka fara shiga cikin na gida. Shigar ba laifi ba ce, kowane yare yana aro. Laifin shi ne rainin. Na sha ganin saurayi ɗan makaranta yana kallon hannun mahaifina yana murmushi, wai maganar ƙauye ce. A Gana ma akwai wani ƙauye, Adamorobe, da ke da kurame da yawa da yarensu na kansu tun da daɗewa, yanzu yaran da suka je makarantar kwana da na makaranta suke dawowa, na ƙauyen yana ta ja baya.

Shawarata gare ki, ki tambaya da wane hannu Baba yake magana da tsofaffin nan da kika ce sai an riƙe su. Ina kyautata zaton ya iya duka biyun, yana sauyawa gwargwadon wanda ke gabansa. In haka ne, ki rubuta shi a tarihin, don ba ƙaramin abu ba ne mai ilimi ya ƙi raina yaren wanda bai je makaranta ba.

Tsohon Malami ya rubuta:

Ɗana, ka faɗi gaskiya, ka gaishe mini da mahaifinka. An yi wannan rainin a makarantu da dama, kuma har gobe ana yi.

Abu ɗaya zan ƙara don a yi wa mamaci adalci. A lokacin da Foster ya zo, gardamar da ake yi a makarantun kurame na duniya ba tsakanin hannun Amurka da hannun gida ba ce. Tsakanin hannu ne da hana hannu. Tun taron da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, inda malamai, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a koyar da kurame da baki kawai, aka shiga zamanin da ake tilasta wa yaro karanta leɓe da fitar da sautin da shi kansa ba ya ji, in ya ɗaga hannu a hukunta shi. Wannan ne salon da ya yi ƙarfi a makarantun Turai na wancan lokaci. Foster kuwa da hannu ya shigo aji, da haruffan yatsu da ke kai yaro ga rubutu. Ya kawo wanda ya iya ne. Kuma ga wata riba da ba a zata ba: yau kurma daga Chadi ko Togo ya haɗu da na Najeriya, ɗaya da Faransanci ya yi karatu ɗaya da Turanci, amma kafin a jima hira ta yi nisa, don tushen alamomin ɗaya ne. Masu ji na ƙasashen nan sai sun nemi tafinta.

Gyaran da kake nema yana hannun 'yan baya, su koyar da na makaranta ba tare da kashe na gida ba.

Anti Tafinta ta rubuta:

Ƙanwata, su Malam sun gama da tarihi, ni zan yi maganar ranar taron, don a nan ake yawan ɓata abu.

Na taɓa yin tafinta a jana'izar wani shugaban kurame a wani coci da ba zan kira suna ba. Mutum bakwai suka yi jawabi, ba kurma ko ɗaya. Aka tsai da ni a lungu, taga a bayana, rana tana dukan idon masu kallo, ba sa ganin komai sai inuwata. Aka zo addu'a mai jagora ya ce kowa ya rufe ido ya sunkuyar da kai. Kurma in ya rufe ido ai ya fita daga taron. Sannan kowane mai jawabi sai ya ce "duk da nakasarsa". Ina juya wannan maganar da hannuna ina kallon fuskokinsu, wata tsohuwa a layin gaba ta kau da kai ta daina kallona.

Ki roƙi dattawa a juya abin. Kurame su hau gaba su ba da labarinsa da hannunsu, tafinta ya riƙe makirufo ya faɗa wa masu ji. Ranar nan ku ne baƙi a yarensu, ba laifi ku ɗanɗana. A sa su a kujerun gaba, haske ya faɗi a fuska da hannun mai magana, kada wani mai ɗaukar hoto ya dinga giftawa tsakani. Tafinta biyu za ku nema su dinga karɓar juna, don mutum ɗaya in ya wuce rabin awa hannu da kai duk sun gaji, sai ya fara yanke magana bai sani ba. In za a yi waƙa a kawo babbar ganga kusa da su, a ƙirji suke jin ta.

Batun rubutunki kuma, ki ajiye takarda da biro. Da yawansu rubutu yare na biyu ne ko na uku a wurinsu, za su ba ki layi ɗaya alhali suna da labarin awa guda. Ki je da tafintan da su suka yarda da shi, ba wanda ku kuka zaɓa ba, ki nemi izini ki ɗauki bidiyo da waya. Ki fara da tambayar sunansa na hannu. Kowane kurma yana da alamar da mutanensa suka raɗa masa, daga kamanninsa ko sana'arsa ko wata ɗabi'arsa, kuma a wurinsu wannan ne sunan da suka san shi da shi. Ki koye shi, ki koya wa ikilisiya, a yi shi tare ranar taron.

Autar Mama ta rubuta:

Na gode Baba Malam, na gode Yaya, na gode Anti. Jiya Lahadi na zauna da su bayan sujada, da wani ɗan'uwa da suka ce shi suke so ya yi mana tafinta. Sunansa na hannu shi ne a kai yatsa bayan kunnen dama kamar ana saƙala fensir, don haka yake yi a wurin aiki. Sun ba ni sunan malamin da ya ɗauko shi, kuma a Ibadan aka horar da malamin. Yaya, zatonka ya yi daidai, da tsofaffi hannun gida yake yi, wani dattijo ma ya ce shi ya sa yake zuwa wurinsa. Wata mata ta ba da labarin daren da ta tashi haihuwa, Baba da matarsa suka kai ta asibiti, matar tana ciki tana riƙe da ita, shi yana bakin ƙofa yana rubutu da ma'aikata har gari ya waye.

Fasto ya yarda su hau gaba. Sai dai dattawa minti 20 suka ba mu a cikin tsarin sujadar, ga shi mutum 9 sun sa suna, kuma ba wanda zan iya kallon idonsa in ce ya haƙura. Anti, in ke ce yaya za ki yi, a koma a roƙi ƙarin lokaci, ko a bar su su zaɓa a tsakaninsu?